Rigimar Canon R100: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A ranar 24 ga Mayu, 2023, kamfanin Canon na ƙasar Japan ya bayyana sabuwar kyamara mai suna EOS R100, kuma tun kafin ta iso shaguna masu hoto suka gama yanke mata hukunci. A lokacin ita ce mafi araha a jerin kyamarorinsa na R marasa madubi: dala 480 bodi kaɗai a Amurka, dala 600 idan an haɗa da ɗan gilashin da ake sayar da ita da shi, wato RF-S 18-45mm f/4.5-6.3. Nauyinta giram 356 har da batir da memori, sensarta kuma megafiksel 24. Sai dai allon bayanta a kafe yake, ba ya juyawa, ba ya kuma jin yatsa, alhali waɗanda aka yi ta dominsu mutane ne da suka tashi da shafa waya. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hotonta, DIGIC 8, tun 2018 aka san ta a cikin EOS M50. Bidiyonta na 4K yana datse gefen hoto, fokas ɗinsa kuma yana jan ƙafa. Duk wannan an faɗa, an kuma yi gaskiya. Amma abin da ya fi jan surutu shi ne gilashin, wanda ya fara fitowa shekara guda kafin nan tare da R10, aka maƙala wa R50, ga shi an sake maƙala wa wannan. Kalma ɗaya ake ta nanatawa a kansa, wai duhu gare shi. Wane irin gilashi ne zai ƙare a 6.3? Wasu suka ce kamfanin ya raina mai ƙaramin ƙarfi, wasu suka ce gara mutum ya riƙe wayarsa.

Fushin yana da dalili, amma an sauke shi a inda bai kamata ba. Asarar da ke cikin lambar 6.3 ƙarama ce, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna girmanta. Abin da zai ci kuɗin mai saye a shekarun da ke gabansa yana can a zoben ƙarfen da ake ɗaura gilashi a kai, wato bakin kyamarar, da kuma tambayar wa aka yarje wa ya ƙera gilashin da zai shiga wannan bakin. A kan wannan ne ya kamata a yi kururuwa a ranar. An yi, amma muryar masu yin ta nutse a cikin hayaniyar allo da lambobi.

Mu fara da lambar, tunda ita ce ta fi rikita mutane. Lambar f rabo ce, tsawon gilashi ne aka raba da faɗin kafar da haske ke bi. A ɗauki ɗakuna biyu masu taga iri ɗaya, ɗaya gajere, ɗaya mai zurfi kamar dogon zaure. Bangon ƙuryar mai zurfin zai fi duhu ko da yake girman tagar bai canza ba, kuma idan ana son haskensu ya zo ɗaya sai an faɗaɗa tagar mai zurfin. Haka gilashi yake, da zarar an jawo abu kusa ɗakin ya ƙara zurfi, lambar ta hau, haske ya ragu. Kuma tagar da aka ninka faɗinta da tsawonta sau biyu, haskenta sau huɗu yake ninkuwa, shi ya sa ba a auna tazarar lambobin f da ragi, sai an raba su sannan a ninka sakamakon da kansa. Tsohon gilashin da aka daɗe ana sayar da ƙananan kyamarorin Canon masu madubi da shi, EF-S 18-55mm f/3.5-5.6, yana ƙarewa a 5.6, kuma mutane sun yi shekara da shekaru suna cin abinci da shi ba tare da sun ce makaho ne ba. Daga 5.6 zuwa 6.3 hasken da ake rasawa kusan kashi ɗaya ne cikin biyar. A aikace, wanda ke ɗauka a ISO 1600 zai koma 2000, ko wanda ke kan 1/125 na daƙiƙa ya sauko 1/100. A ajiye hotuna biyu gefe da gefe, ɗaya a 1600 ɗaya a 2000, daga sensa ta wannan zamani, da wuya a sami mai nuna bambancin ba tare da ya zuƙo hoton har ya fashe ba. Abin mamaki, asarar da ta fi girma tana ɗaya ƙarshen gilashin, inda aka tashi daga 3.5 aka koma 4.5. Nan kusan kashi 40 cikin ɗari na hasken ya tafi, ISO 1600 ta zama 2500. Amma 6.3 ce ta fi shan zagi, saboda ita ce ta tsallaka wata iyaka da masu hoto suka haddace ba tare da sun tuna wanda ya shata ta ba.

Madubi ne ya shata ta. A kyamara mai madubi, irin wadda ake kira DSLR, hasken da ya shigo ta gilashi yana faɗawa kan madubi, akasarinsa ya haura sama zuwa idon mai ɗauka, ragowar ya gangara ƙasa zuwa wata 'yar na'ura ta daban wadda aikinta fokas. Wannan na'ura tana leƙen abin da ake ɗauka ta gefe biyu na kafar gilashin, ta kwatanta abin da ta gani ta nan da ta can. Idan kafar ta ƙanƙance ta wuce 5.6, gefunan da take leƙawa ta cikinsu sun toshe, sai fokas ya kama lalube. Wasu kyamarori ne kawai ke iya jurewa har 8, shi ma sau da yawa a wasu ɗigogi ƙalilan. Ga shi kuma abin da ido ke gani a maleƙa hasken gilashin ne tsagwaronsa, gilashi mai duhu yana nufin maleƙa mai duhu. Don haka akasarin gilasai suka tsaya a 5.6 kamar an kafa musu doka. Da aka cire madubi, dalilan biyu suka tafi tare da shi. Sensar da ke ɗaukar hoton ita ce yanzu ke yin fokas, kuma Canon ya mallaki wannan dabara tun 2013, lokacin da ya raba kowane ɗigon sensa gida biyu a cikin EOS 70D. Maleƙa kuma ta zama ɗan ƙaramin allo da ke ƙara wa hoto haske kafin ya kai ido. A Yulin 2020 kamfanin ya fitar da gilasai biyu masu tsawon milimita 600 da 800 waɗanda kafarsu a kafe take a f/11, kuma suna yin fokas da kansu, masu hoton tsuntsaye na aiki da su. Wanda yake tsoron 6.3 a kan kyamara marar madubi yana tsoron matsalar wata na'ura ce da babu ita a cikin abin da ke hannunsa.

Za a ce, to ai fokas ba shi ne hoto ba. Haske kaɗan haske kaɗan ne, kuma wanda ke aiki a zauren biki da daddare, amarya na tafiya, 'yan mata na rawa, fitilu masu launi na walƙiya, ba ruwansa da tarihin madubi, hoto mai tsabta yake nema. Wannan magana ce mai nauyi, kuma na'urar hana rawar hannu da ke cikin gilashin ba ta amsa ta, domin hannun mai ɗauka take tsayarwa, ba ta tsayar da mai rawa. Sai dai wanda ya yi wannan ƙorafi ya tambayi kansa ko 5.6 ta taɓa yi masa wannan aikin. Ba ta taɓa ba. Tun zamanin madubi, mai hoton biki ko dai ya ɗora filasha ko ya sauya gilashi. Kafar RF-S 18-45mm idan an jawo shi ƙarshe kusan milimita 7 ce. Ta gilashin 50mm f/1.8, wanda kowane mai hoto ya san shi, kusan milimita 28 ce, kuma hasken da yake zubawa kan sensa ya ninka na 6.3 sau goma sha biyu. Shi ne kuma ke narkar da bayan mutum ya fito da fuska, abin da masu biki ke biya dominsa. Tazarar da ke raba aikin dare da aikin rana ke nan, ninki goma sha biyu, kuma a gabanta rigimar kashi ɗaya cikin biyar ba ta kai a ɗaga murya ba.

Wannan ba wanke gilashin ba ne. Akwai zargin da ya kama shi, kuma shaidar daga gidan Canon ta fito. Tun a 2015 kamfanin ya fara sayar da EF-M 15-45mm f/3.5-6.3 tare da kyamarorinsa na M. Nauyinsa giram 130, daidai da na sabon. Yana farawa daga milimita 15, sabon daga 18, kuma yana farawa da 3.5, sabon da 4.5. Wato bayan shekara bakwai an kawo gilashi mai nauyi ɗaya wanda ya fi matsatsi ya kuma fi duhu a farkonsa. Milimita uku a wannan ƙarshen ba wasa ba ne. A ma'aunin babbar sensa, bambancin 24 da 29 ke nan, kuma shi ne ke yanke hukuncin ko dangin ango duka za su shiga hoto a falo ƙarami ko sai an datse kawu biyu na gefe. Nikon ya ba masu Z50 gilashin 16-50mm f/3.5-6.3 a 2019. Fujifilm tun a 2012 ya fara haɗa kyamarorinsa da 18-55mm f/2.8-4, gilashin da masu shi ba sa gaggawar rabuwa da shi, ko da yake kuɗinsa ya fi. Saboda haka ba rashin iyawa ne ya hana Canon ba, zaɓi ya yi. Kamfanin da ya zaɓi ya ba ka gilashin da za ka gaji da shi da wuri ya san cewa za ka dawo neman na biyu, kuma a nan ne tambayar gaskiya take: idan ka dawo, me za ka tarar a kan kanta, kuma na wa?

A tsakiyar 2023, gilasan da Canon ya ƙera musamman don ƙananan sensa na bakin RF, wato bakin kyamarorin R, guda uku ne: 18-45mm ɗin nan, da 18-150mm f/3.5-6.3, da 55-210mm f/5-7.1. Babu mai haske ko ɗaya a ciki. Gilasan babbar sensa suna shiga bakin, kuma akwai masu sauƙin kuɗi a cikinsu, kamar 50mm f/1.8 na dala 200 da 16mm f/2.8 da 28mm f/2.8 wanda aka bayyana rana ɗaya da R100. Amma wanda ke son gilashi guda mai jawowa da turawa, mai riƙe 2.8 daga farko har ƙarshe, abin da mai aikin biki ya fi buƙata, sai ya dubi RF 24-70mm f/2.8, mai nauyin giram 900 da farashin kusan dala 2,300, ya ɗora shi a kan bodin dala 480. A daidai wannan lokaci, mai ƙaramar kyamarar Sony yana da Sigma 18-50mm f/2.8 tun ƙarshen 2021, giram 290, dala 550. Yana da Tamron 17-70mm f/2.8. Yana da jerin gilasan Sigma masu f/1.4, ga na kamfanonin China masu araha. Gilasan nan suna nan a duniya, an ƙera su, ana sayar da su, girman sensar kusan ɗaya ne. Abin da ya hana mai R100 su a wancan lokacin shi ne ba a ba masu ƙera su izini ba.

Bakin kyamarar zamani ya wuce zoben ƙarfe. Akwai ƙananan filoli na lantarki a jikinsa, takwas a tsohon bakin EF, goma sha biyu a RF, kuma ta cikinsu ne bodi da gilashi ke magana: ina fokas ya tsaya, nawa za a buɗe kafa, wane karkace ne gilashin ke da shi domin ƙwaƙwalwar kyamara ta miƙe shi kafin mai ɗauka ya gani. Wannan magana tana da harshe, harshen kuma mallakar kamfani ne. A zamanin EF, Sigma da Tamron da Tokina sun yi ta sauraron harshen suna kwaikwayonsa, suka cika kasuwa da gilasai. Da RF ya zo a 2018 aka ja layi. Kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu ya fitar da gilasan RF masu fokas da kansu, daga baya suka ɓace daga jerin kayansa. A 2022 kamfanin Viltrox na China ya janye 85mm f/1.8 nasa, kuma reshen Canon na Jamus ya tabbatar cewa kamfanin yana ganin kayan sun taka haƙƙin mallakar ƙirarsa, ya kuma nemi a daina. A kwatanta da Sony, wanda tun 2011 ya sanar cewa zai buɗe bayanan bakinsa na E ga masu ƙera gilashi ba tare da karɓar kuɗi ba. A kwatanta da Olympus da Panasonic da suka raba baki ɗaya tun 2008, shekarar da Lumix G1 ta buɗe zamanin marasa madubi, ko Leica da Panasonic da Sigma da suka haɗu a kan bakin L a 2018. Kowane kamfani ya zaɓi hanyarsa, kuma zaɓin nan ya fi shafar aljihun mai saye fiye da duk wata lamba da aka buga a jikin kwali.

Canon yana da hujja, kuma bai kamata a yi kamar babu ita ba. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, amma a 2022 kusan miliyan 8 ne kacal. Waya ta cinye kasuwar ƙasa gaba ɗaya. Kamfanin da ya zuba kuɗi ya ƙirƙiro sabon baki, yake kuma sayar da bodi a dala 480, dole ya nemi ribarsa a wani wuri, kuma gilashi ne wurin. Yana iya tuna wa masu suka cewa a 1987 ya watsar da bakin FD ya kawo EF, aka yi masa ca, ƙwararru suka ce an ci amanarsu, amma cikin 'yan shekaru fararen gilasansa suka cika filayen wasanni. Yana iya nuna adafta kuma, wadda ke ɗaura kowane gilashin EF da EF-S a kan bakin RF, fokas da komai na aiki. Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, domin kamfanin ya ƙera gilasan EF da RF sama da miliyan 150 zuwa farkon 2021, akasarinsu EF, ban da na Sigma da Tamron, kuma suna nan birjik a kasuwar kayan hannu. Na yarda da hujjar har inda ta tsaya. Inda ta tsaya kuwa shi ne rumbun EF ba a ƙara masa hatsi. Tun 2018 kamfanin bai fitar da sabon gilashin EF na masu hoto ba, ya dakatar da da yawa daga cikin tsofaffin, kuma a ƙarshen 2021 shugabansa Fujio Mitarai ya shaida wa jaridar Yomiuri cewa EOS-1D X Mark III ce babbar kyamara mai madubi ta ƙarshe da za su yi. Ga shi kuma wanda ya sayi kyamara mai giram 356 saboda sauƙin ɗauka, idan ya ƙara adafta da tsohon gilashi mai nauyi, ya mayar da abin da ya biya kuɗi ya guje wa.

Wanda ke ganin maganar baki tsoro ne na banza ya tambayi masu EOS M. Canon ya shiga kasuwar marasa madubi a 2012 da bakin EF-M. A tsawon rayuwar bakin gilasai takwas kamfanin ya yi masa, har da 22mm f/2 da 32mm f/1.4 waɗanda masu su ke yabo har gobe. M50 ta yi kasuwa sosai, musamman a wajen masu ɗaukar bidiyon kansu don YouTube. Ta ƙarshe a jerin, M50 Mark II, ta fito a Oktoban 2020, aka ci gaba da sayar da ita bayan R10 da R50 sun fito, sannan a Oktoban 2023, wata biyar bayan bayyana R100, shafin kamfanin na Japan ya jera kyamarorin M a cikin kayan da aka daina. Masu gilasan EF-M ba su da adaftar da za ta cece su, kuma dalilin na awo ne. Gilashin EF an ƙera shi ya zauna milimita 44 daga sensa, bakin RF yana milimita 20, saboda haka akwai sarari na milimita 24 da adafta za ta cike. Gilashin EF-M kuwa milimita 18 yake buƙata, wato sai ya nutse milimita biyu cikin bodin RF kafin ya ga daidai, kuma babu adaftar da kaurinta ya gaza sifili. Wanda ya tara gilasai huɗu na M ya tara su ne a kan bakin da ba za a sake yi masa bodi ba. Ba Canon kaɗai ke da wannan tarihi ba. Nikon ya buɗe jerin Nikon 1 a 2011 ya rufe a 2018, Samsung kuma ya fice daga sana'ar ya bar masu NX da kayansu a hannu. A duk waɗannan, babu wanda lambar f ta gilashinsa na farko ta cutar kamar yadda mutuwar bakin ta cutar da shi.

A Afrilun 2024 ƙofar ta buɗe kaɗan. Sigma ya sanar da gilasai shida na bakin RF bisa lasisi daga Canon, 18-50mm f/2.8 a gaba, sai 10-18mm f/2.8 da huɗu masu f/1.4, Tamron kuma ya sanar da 11-20mm f/2.8. Daga ranar da 18-50mm ɗin ya iso kasuwa, R100 da R50 da R10 suka zama wasu kyamarori daban ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinsu ba. Allon R100 yana nan a kafe, ƙwaƙwalwarta tana nan ta 2018, amma mai ita ya sami hanyar ninka haskensa sau biyar a ƙarshen gilashi da kuɗin da bai wuce na kyamarar da gilashinta na farko ba. Ba na jin akwai shaidar da ta fi wannan nuna inda matsalar take tun farko. A lura kuma da iyakar izinin, domin gilasan da aka sanar duka na ƙananan sensa ne, ɓangaren da Canon da kansa bai cika shi da kaya ba. Babbar sensa, inda manyan kuɗi suke, ba ta cikin wannan sanarwa. Izini ne da kamfani ya bayar a lokacin da ya ga dama, a kan abin da ya ga dama.

Me ya sa hayaniyar ranar farko ba ta tsaya a nan ba? Ina ganin saboda takardar lambobi ita ce ke fita ranar sanarwa, kuma kowa na iya karanta ta ya yi hukunci cikin minti biyar ba tare da ya taɓa kyamarar ba. Yawancin masu zafin suka kuma ba su ne masu sayen R100 ba, mutane ne masu manyan bodi da jakar gilasai, suna auna kayan ɗan koyo da ma'aunin ƙwararre. Shi kuwa ɗan koyon, wanda maganar baki ta fi shafa, bai ma san akwai ta ba, tambayarsa a shago ba ta wuce megafiksel nawa da ko tana yin 4K. Hukumomi ma ba su taimaka masa ba. Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 cewa daga ƙarshen Disambar 2024 wayoyi da kyamarori masu caji ta waya su yi amfani da USB-C, don a rage shara a kuma sauƙaƙa wa mai saye. Dokar ta kula da bakin caja, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ba ta ce komai a kan bakin gilashi ba, inda mutum ke binne dubban daloli. Ba ina cewa a tilasta wa kamfanoni baki ɗaya ba, wannan zai daƙile ƙira. Amma a ce kwalin kyamara ya faɗi ko bakinta a buɗe yake ga wasu masu ƙera gilashi, ya kuma faɗi shekarun da kamfani ya ɗauki alkawarin ci gaba da yi masa kaya, wannan bai fi ƙarfin kowace hukumar kare masu saye ba.

A wajenmu maganar ta fi tsanani, domin kuskuren saye ba ya gyaruwa da sauƙi. Lokacin da aka bayyana R100 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, dala 600 ta kama kusan naira 450,000. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira, kuma a farkon 2024 dala ta haura 1,500, kayan nan guda suka koma sama da naira 900,000 kafin a sa kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Matashin da ke son fara hoton biki a Kano ko Kaduna ko Damagaram da wuya ya sayi bodi ya canza shi bayan shekara, abin da ya saya shi zai riƙe, kuma da yawa kayan hannu suke saye. Ga irin wannan mai saye, tsohuwar DSLR ta Canon da 50mm f/1.8 na EF har yanzu hanya ce mai ma'ana, domin gilashin zai bi shi zuwa RF ta adafta duk ranar da ya sami hali. R100 da adafta ita ma hanya ce, idan ya san allon da zai haƙura da shi. Tarkon yana wajen M50 da 'yan uwanta, waɗanda ke da kyau a ido, allonsu na juyawa yana jin yatsa, farashinsu na hannu yana jan hankali, kuma mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka an rufe gidansu ba. Bodin M yana karɓar gilasan EF ta tasa adaftar, don haka wanda ya riga ya saya ya zuba kuɗinsa a EF, ya taƙaita sayen EF-M. Gane su ba ya buƙatar kowa, alamar tana jikin gilashin inda ake daidaita shi da bodi: jan ɗigo EF ne, farin murabba'i EF-S, jan layi RF, farin ɗigo kuma EF-M, wanda ba ya hawa kan kowace kyamara ta R.